Farin Ƙunshin da Na Rataya a Osaka

A unguwar Utaibiyya ta Makka aka haife ni, kuma a nan nake zaune har yau. Sau ɗaya na taɓa taka ƙasar Japan, yini ɗaya kacal na yi a cikinta, kuma ban ji daɗin ko sa'a ɗaya daga cikin yinin ba. Jikokina suna jin an ce kakansu ya je Yaban, kamar yadda muke kiranta a nan, sai su ɗauka abin alfahari ne. Shi ya sa zan rubuta abin yadda ya faru, daga farko zuwa ƙarshe, ba tare da na tsallake nawa laifin ba.

Shekaru kaɗan bayan babban yaƙin duniya na bar yi wa alhazai jagora, na sauka Jidda na kama aiki a ɗakin injin wani jirgin ruwa mai dakon gishiri. Mu uku ne Hausawa a ciki. Akwai kukun ma'aikata, ɗan unguwar Nakkasa ta Makka, gajere mai yawan dariya, wanda ba ya iya faɗin abu yadda yake sai ya yi masa ƙari. Akwai kuma wani dogo da iyayensa suka shigo ta Sudan, tare muke aikin injin. Shi ba shi da ra'ayin kansa, inda kukun ya sa ƙafa nan yake sawa. A lokacin abokaina nake kiransu.

Da aka ce jirgin zai tafi Japan sai labari ya kai kunnen wani tsoho mutumin Buhara mai gasa gurasar tamis a unguwar Misfala. Abokin mahaifina ne, Ammi muke ce masa, wato baffa. Yana da wa guda ɗaya. Lokacin da ƙasarsu ta rikice suka gudu, shi ya yi yamma ya faɗo Makka, wan ya yi gabas har Japan yana tallar yadi. Sun fi shekara ashirin ba su ga juna ba, kuma wasiƙar ƙarshe ta ce wan ba shi da lafiya. Tsohon ya sayi farin yadi, ya wanke shi da zamzam, ya shanya a farfajiyar Harami yadda ake yi a zamanin, ya naɗe shi likkafani. Ya haɗa da ƙaramin gwangwanin zamzam da aka like bakinsa da dalma. Ya zuba su cikin wani ɗan akwatin katako, ya miƙo mini a gaban shaidu biyu, ɗaya daga cikinsu kukun.

"Hannu da hannu, ya waladi," in ji shi, wato ɗana. "Ba ta hannun wani ba."

Na ce na karɓa.

Ya ba ni 'yar takarda da sunan wan, da sunan mahaifinsu, da kalmar Osaka, duk da haruffan Larabci. Na tambayi unguwa, ya ce in na isa in nemi shaihin Buharawa. Na gamsu da haka, domin a Makka haka ake neman mutum ko daga wace ƙasa ya fito. Ka je unguwar mutanensa, ka sami shaihinsu, kafin shayin da aka zuba maka ya huce an kawo maka shi. Ban taɓa tunanin akwai birnin da ba haka yake ba. Wannan shi ne kuskurena na farko.

Jirgin ya tsaya a Kobe. An ba mu izinin fita na yini ɗaya, daga hantsi zuwa faɗuwar rana, domin da safe za a tashi. Mataimakin kyaftin ya rubuta takarda guda ga mu uku, sunana a sama tunda na girme su. Ya ce uku suka fita, uku za su shigo tare, in aka rasa ɗaya duka mun rasa aiki. Akawun tashar ya nuna mana inda ake shiga jirgin ƙasa, ya ce Osaka ba ta kai tafiyar sa'a guda ba.

Kafin mu fita na shirya amanar. Zamzam ba a ajiye shi a ƙasa, ba a kuma maƙale shi a hammata kamar takalmi. Na yago wani yanki daga tsohon ihramina, fari tas, na naɗe akwatin, na ɗaure bakin ƙyallen a bayan wuyana, akwatin ya zauna a ƙirjina, na tallafe shi da hannu biyu. Haka nake koya wa alhazai su riƙe abu mai daraja a cikin cunkoso. Wannan shi ne kuskurena na biyu, ko da yake babu wanda zai iya gaya mini a cikin jirgin nan.

Muna shiga jirgin ƙasa surutu ya ɗauke. Maza suka cire huluna. Wani ya tashi daga kujerarsa ya sunkuya, na kusa da shi ma suka matsa, har aka bar mini fili kamar mai cutar da ake gudu. Wata tsohuwa ta haɗa tafukanta ta yi ruku'u tana fuskantar ƙirjina. Raina ya ɓaci ta hanya biyu. Na ɗauka baƙar fatata suke ƙyama, sannan ga mutum yana yi wa mutum ruku'u, abin da aka hana mu tun muna makarantar allo. Na ƙi zama. Kukun kuwa ya haye kujerar ya miƙe ƙafa, ya ce ashe tafiya da sarkin Takari riba ce, ya riƙa mayar musu da sunkuyon yana dariya. Na ce masa ya daina, bayan Musulmi ba ya lanƙwasa sai a salla. Ya ce to, ya shaikh, ya ci gaba.

Osaka ba ta yi mini ba tun daga tasha. Ƙarar takalman katako a kan siminti ta cika kunne kamar ana daka a gida dubu. Hayaƙi ya rufe sama. Ko'ina ƙarnin kifi da warin magudanan ruwa baƙi ƙirin da suka ratsa garin. Ga dogayen gine-gine, ga kuma filayen da wutar yaƙi ta cinye an kafa bukkokin kwano a kai. A bakin gada na ga tsofaffin sojoji cikin fararen riguna, wani ba ƙafa, wani ba hannu, suna kiɗa ana jefa musu kuɗi. Rubutu a kowane bango, babu harafi ɗaya da na sani. Mutane suna sauri kamar an biyo su, ba mai yi wa wani sallama.

Na tsara yadda za mu yi. Mu fara tambaya a tasha, in ba a dace ba mu nemi ɗan sanda, in ba a dace ba mu nemi kasuwar yadi. Tambayar tasha ba ta haifar da komai ba. Duk wanda na tara sai ya dubi akwatin, ya sunkuya, ya karɓi takardar da hannu biyu, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya ja iska ta haƙoransa, ya mayar mini, ya ja da baya yana sunkuyo. Na ce Buhari, na ce Muslim, na ce shaikh. Mutum bakwai na tara, bakwai ɗin haka suka yi. A Makka ko alhajin da ba mu jin yarensa muna kama hannunsa mu kai shi. Waɗannan ladabinsu ya yi yawa, taimakonsu babu.

Ɗan sandan da muka samu a wata 'yar rumfa a bakin titi shi ne ya nuna kamar ya gane. Ya dubi akwatin, ya ƙame, ya yafito mu. Muka bi shi. Muka ƙetare gada biyu, muka bi layin jirgin titi, muka shiga lunguna, muka hau wata 'yar gangara. Tafiyar ta fi rabin sa'a, ina ta gode wa Allah a zuciyata. Sai ga mu a bakin wata babbar ƙofar katako, turare yana tashi, ga wani mai askakken kai cikin baƙar riga yana fitowa ya tarbe ni da hannu biyu a miƙe. Ta bayansa na hango gunki zaune, ya fi mutum uku girma. Ɗakin bautarsu ɗan sandan ya kawo ni, da zamzam a ƙirjina. Na rungume akwatin na juya. Ɗan sandan ya biyo ni yana magana yana nuna ƙofar, ban waiwaya ba. Dogon yana bayana yana tambayar kukun ko nan ne gidan shaihin.

Kafin mu koma inda muka gane rana ta take tsaka. Kukun ya ce yunwa. Muka shiga wani ɗan gidan abinci, matar wurin ta ga akwatin ta tsaya turus, sannan ta nuna mana wani lungu. Ban san abin da ke cikin romonsu ba, don haka farar shinkafa kaɗai na ci, akwatin a cinyata. Su biyun suka sha romon, kukun ya ce ya shanshana babu alade, wai hancinsa ba ya kuskure. Da muka fito na waiwaya na ga matar tana watsa gishiri a bakin ƙofarta, daidai inda na taka.

A nan muka yi faɗa. Kukun ya ce yini ɗaya Allah ya ba su a duniyar nan, rabinsa ya tafi a bin akwati. Ya ji labarin kanti mai hawa bakwai da matakala mai tafiya da kanta, kuma ba zai koma Nakkasa ya ce bai gani ba. Na tuna masa cewa mutum ne yake jiran likkafaninsa.

"Kai ka karɓa, ya shaikh," ya ce.

"Kai ka yi shaida."

"Shaida na yi, ban yi dako ba."

Na dubi dogon. Ya dubi ƙasa, ya ce shi ma yana son ganin matakalar. Muka ajiye magana a kan ƙarfe huɗu, a ƙarƙashin babban agogon tasha. Na sa kowannensu ya maimaita. Takardar izinin tana aljihuna.

Na yi azahar ni kaɗai a bayan wani ƙonannen bango a bakin magudana. Na shimfiɗa mayafina a kan bangon na ɗora akwatin, na kintaci alƙibla da rana. Daga nan na yi abin da ya kamata in fara yi tun da safe. Na tsaya a mararraba ina kallon kekuna da amalanke, na ga ta inda masu ɗauke da bandir-bandir na yadi suke fitowa, na bi hanyar. Ta kai ni wasu matsattsun layuka, kowane shago yadi har rufi. A layi na huɗu na ga wani Ba'indiye mai gemu da hula yana duba kaya. Na yi masa sallama, ya amsa cikakkiya. Tun safe ita ce maganar farko da na ji na gane.

Ina da ɗan yarensu da na tsinta a wurin alhazai, shi ma yana da ɗan Larabci. Kafin in ce komai ya dubi ƙirjina ya yi salati, ya tambaye ni wa ya rasu. Na ce ba wanda ya rasu tukuna. Ya ja ni cikin shago ya zaunar da ni, ya yi mini bayani. Mutanen ƙasar ƙona gawa suke yi. Ƙasusuwan da suka rage a ɗan akwati ake zuba su, a naɗe da farin ƙyalle, a rataya a wuya a tallafe da hannu biyu, daidai yadda na yi. Tun lokacin yaƙi babu gidan da bai ga irin wannan akwati ba. Waɗanda suka sunkuya ba ni suka yi wa ba, mamacin da suke zaton ina ɗauke da shi suka yi wa. Ɗan sandan ya kai ni inda ake ajiye ƙasusuwa ne. Gishirin matar kuma haka suke yi in mutuwa ta ratsa ƙofa.

Na san ya kamata wannan bayani ya sanyaya mini rai a kan mutanen garin. Bai sanyaya ba. Abin da na ji shi ne na yi rabin yini ina yawo da ruwan zamzam ana ɗaukarsa tokar gawa, kuma da hannuna na ɗaura shi haka. Na kwance ƙyallen nan take. Ya ba ni takardar naɗe kaya da igiya, muka ɗaure akwatin kamar kowane saƙo.

Sannan ya karanta takardar tsohon. Ya ce babu shaihin Buharawa a Osaka, babu unguwarsu, ba a taɓa yi ba. 'Yan kaɗan ne dama, gidajensu sun ƙone a yaƙi, da yawa sun tafi Turkiyya. Waɗanda suka rage suna Kobe, kewaye da masallacin da ke kan tudu sama da tashar jiragen ruwa, wato garin da na baro da safe. Ya san wani tsoho mai wannan suna da yake tallar yadi gida-gida, amma ya yi watanni bai gan shi a Juma'a ba, kuma bai san halin da yake ciki ba. Ya ce in bar masa saƙon, ranar Juma'a zai kai. Na gaya masa sharaɗin da aka ba ni. Ya ce to in na shiga jirgin ƙarfe huɗu zan iya hawa tudun in sauko kafin rana ta faɗi. Ya zana mini hanyar a bayan takardar, ya haɗa ni da wani mai keke ya nuna mini tasha.

Uku da rabi ina ƙarƙashin agogon. Huɗu ta buga, ba su zo ba. Jirgi ya tashi ina kallo. Na yi tunanin in tafi ni kaɗai, amma takardar ta mutum uku ce. In na tafi ba su da abin nunawa a ƙofar tashar jiragen ruwa, ba su san ma jirgin da za su shiga ba, kuma ni aka ɗora wa su. Na tsaya. Jirgi na biyu ya tashi, na uku ya tashi. Yanzu da akwatin ke cikin takarda ba mai sunkuya mini, bangaje ni ake yi ana wucewa.

Biyar da rabi suka iso. Kukun yana riƙe da laimar takarda da 'yar tsana, dogon ya rataya takalmansa a wuya yana ɗingishi a kan na katako yana dariya. Kukun ya ce sun ɓata ne a hanyoyin ƙarƙashin ƙasa. Muna cikin jirgi dogon ya fara ba ni labarin wani mai takobi da suka gani a gidan sinima, kukun ya taka masa ƙafa. Na gaya musu abin da Ba'indiyen ya ce, da inda mutumin yake, da abin da sa'a ɗaya da rabin nan ta ci. Kukun ya ce ai da na tafi abina. Na nuna masa takardar izinin. Ya ce to ƙaddara ce.

Mun sauka a Kobe rana ta yi ja. Daga hanyar tasha na hangi hasumiyar masallacin can sama, tsaye a tsakiyar filin da ya ƙone. Da ido kamar kusa, da ƙafa hawa da sauka ba za su yiwu ba. Kukun ya ce in ba wani mai jan keke ya kai. Na ƙi. Ya ce in bar wa mai gadin ƙofa. Na ƙi. Sai ya rage murya ya ce in mun fita teku in sake shi a ruwa, a ce wa tsoho an kai, tunda Allah niyya yake dubawa. Na shiga jirginmu, na je wurin mataimakin kyaftin na roƙi ƙarin sa'a guda. Ya dubi agogonsa ya ce a'a. Da safe muka tashi.

Tafiyar komawa ta ɗauki watanni, domin mun tsaya a tashoshi da yawa. Akwatin yana saman gadona. Na ci abincin kukun saboda babu wani, amma magana ba ta ƙara haɗa mu ba. Dogon ya yi ta neman shiri, na ce masa wanda ya bi mai laifi bai fi shi ba.

A Jidda aka riƙe mu 'yan injin kwana uku muna wanke tukwanen injin. Kukun ya riga ni hawa Makka. Ranar da na iso na yi ɗawafi, na gaida mahaifiyata, bayan la'asar na ɗauki akwatin a ƙarƙashin mayafina na nufi Misfala.

Tsohon yana gaban tanderu. Yana ganina ya ajiye ƙarfen ciro gurasa ya rungume ni da hannuwansa masu gari. Ya ce ya ji komai. Kukun ya zo shekaranjiya ya ba shi labari: yadda wansa ya sumbaci akwatin, yadda ya yi kuka, gemunsa fari har ƙirji, ya ce a gaida ƙaninsa a ce ya yafe masa komai. Ya ce a ranar ya raba gurasa sadaka har tanderu ya huce.

Na fito da akwatin na ɗora a kan allon da yake murza ƙullu. Na faɗa masa yadda aka yi, daga jirgin ƙasa zuwa ɗan sanda, zuwa Ba'indiye, zuwa agogon tasha, zuwa hasumiyar da na hanga. Ban rage nawa ba, ban ƙara wa kowa nasa ba. Yana tsaye yana saurare, bai taɓa akwatin ba. Da na gama ya yi tambaya ɗaya.

"Yana da rai?"

"Ban sani ba, Ammi."

Ya juya ga wutar. Sannan ya ce kwana biyun nan ya yi barcin da ya yi shekaru bai yi ba. "Da ka bar ni da maganar wancan," in ji shi. Ya ɗauki akwatin ya shige da shi ciki, ya dawo ya ci gaba da aikinsa.

Har yau ina ganin daidai na yi, kuma da za a maimaita haka zan sake yi. Na ci gaba da sayen gurasa a wurinsa har ya rasu. Yakan miƙo mini ita da zafinta, ya amsa gaisuwata, amma bai ƙara ɗaga kai ya dube ni ba.